Taron Kare Mata, Ba Mace a Kan Tabarma

Muƙalar wannan makon daga Karaduwa take, ƙasar masara da auduga, kuma ba mu kawo ta don a tafa mana ba. Akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mun gaji da yin ta a majalisa da ƙuryar ɗaki, yau za mu yi ta a fili. Wanda abin ya sosa ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Duk shekara idan 25 ga Nuwamba ta kama, aka shiga kwanaki 16 na gangamin yaƙi da cin zarafin mata da ake rufewa ranar 10 ga Disamba, kowa ya san abin da zai gani. Za a kama ɗakin taro a Katsina ko a sakatariyar ƙaramar hukuma. Kujerun gaba na masu rawani ne, bayansu jami'an gwamnati, bayansu malamai da 'yan jarida. Can ƙarshe a jera wasu mata da riguna iri ɗaya, waɗanda aikinsu tafi da guɗa. Babban baƙo ya tashi ya ce sarakuna iyayen ƙasa ne, su suka fi kowa kusa da talaka, don haka gwamnati na neman haɗin kansu. Wakilin sarakuna ya tashi ya ce sun ji, za su wayar da kan jama'a. A karanta sanarwar bayan taro, a ɗauki hoto, a raba kuɗin mota, kowa ya kama gabansa. Baɗi war haka a sake.

Wannan shi ake kira tuntuɓar shugabannin gargajiya. A ganinmu, matuƙar wadda ake magana a kanta ba ta samu wurin zama a kan tabarmar ba, kuma babu takardar da za a ɗauko baɗi a tambayi kowa me ya cika a cikin alkawarinsa, to an yi ba a yi ba. Kuma rashin yin nan yana da farashi, mata da 'yan matan ƙauyukanmu ne ke biya da jikinsu.

Bari mu fara da abin da ba ya ɓoyuwa. Shiyyar Funtuwa ƙananan hukumomi 11 ce: Funtuwa, Bakori, Danja, Dandume, Faskari, Sabuwa, Kafur, Kankara, Malumfashi, Musawa da Matazu. Noman da jihar Katsina ke tutiya da shi mafi yawansa a nan ake yi, kuma duk wanda ya taɓa shiga gona da kaka ya san hannun wa ke cikin roron wake, tsinkar auduga, ɓarar masara da kala. Mata ne da 'yan mata, da yawansu 'yan ƙwadago, ana kwaso su a mota da asuba a mayar da su da yamma. Wannan fita neman na sabulu da na kayan ɗaki ita ta jefa su bakin kura.

A Disamban 2020, kwanaki kaɗan bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Kankara, 'yan bindiga suka tare ɗaliban Islamiyya kimanin 80 na garin Mahuta a ƙaramar hukumar Dandume suna dawowa daga Mauludi, Allah Ya taimaka mutanen gari da jami'an tsaro suka ƙwato su. A ƙarshen Oktoban 2022 aka kwashe yara 'yan ƙwadago daga wata gona a yankin Mairuwa ta Faskari. Lokacin da 'yan sanda suka sanar da kuɓutar 21 daga cikinsu, 17 mata ne. A farkon Fabrairun 2024 aka sace mata 'yan kai amarya a ƙaramar hukumar Sabuwa, 'yan sanda suka ce 35, mutanen yankin suka ce sun fi haka. A ranar 19 ga Agustan 2025 aka buɗe wa masallata wuta da asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi, aka kashe gommai, aka bar zawarawa da marayu. Waɗannan su ne suka samu shiga jarida. Na ƙauyukan da ba sabis ɗin waya, sai dai a ji a kasuwar Dandume ko ta Bakori ranar ci.

Idan aka sako namiji, ana zuwa yi masa barka, ya zauna a ƙofar gida ya ba da labarin daji daga farko har ƙarshe. Idan aka sako mace, ana yi mata barka da baki, idanu kuma na tambayar abin da baki ya kasa. Wata ta dawo da ciki. Wata ta dawo da ciwon da take jin kunyar faɗa wa ko mahaifiyarta. Wata miji ya fara ja da baya, wata saurayin da ya kai kuɗin gaisuwa ya aiko a mayar masa. Likitoci sun yi bayani cewa maganin kariya daga cutar ƙanjamau bayan fyaɗe yana aiki ne idan an fara shan sa cikin awa 72. Wadda aka yi wa a gona ko a cikin gari, aka ɓoye ta a ɗaki ana jiran manya su gama shawara, kafin a yanke kai ta asibiti lokacin ya wuce. Wane taro ne a cikin tarukan nan ya taɓa ɗora wa mai unguwa nauyin sanin wannan awa 72 ɗin?

Sai kuma zancen sulhu da 'yan bindiga, wanda shi ne mafi girman tuntuɓar da ake yi da sarakunanmu a wannan zamani. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta gwada shi, na farko ya wargaje, a 2019 ta sake, gwamna da kansa ya zagaya ƙananan hukumomin bakin daji yana zama da su. A 2020 ya fito ya ce sun ci amana, ba zai sake ba. A 2025 sulhun ya dawo da sabon salo. Gwamnatin Dikko Umaru Radda ta ce ba ita ke yi ba, al'umma ne da shugabanninsu. Aka fara daga Jibiya da Batsari da Safana da Danmusa, har ya gangaro Karaduwa. Ma'ana nauyin ya sauka kan hakimai da magaddai da shugabannin ƙananan hukumomi.

Ba mu zo yanke hukunci kan sulhu ya dace ko bai dace ba. Wanda ya kwana uku a cikin dawa da 'ya'yansa saboda tsoron kwana a ɗaki, ba mu da bakin gaya masa kada ya nemi sauƙi. Abin da muke cewa shi ne ku koma ku kalli hotuna da bidiyon tarukan nan da suka cika wayoyinmu, ku ƙirga mata. Mu dai mun kalla, rawuna muka gani da huluna da bindigogi a rataye. Ku saurari sharuɗɗan da ake karantowa: a daina kai hari, a saki waɗanda ke hannu, a bar kowa ya ci kasuwa, a bar manomi ya shiga gona, makiyayi ya samu burtali da mashaya. Duk suna da muhimmanci. To ina sharaɗin da ya ambaci fyaɗe da sunansa? Ina wanda ya ce matar da aka riƙe a daji da sunan aure za a dawo da ita? Wa zai ɗauki nauyin jariran da aka haifa a wannan hali? Ina maganar matan rugage, waɗanda su ma aka ƙona masu bukkoki, aka kashe masu maza a hanyar kasuwa, wasu aka ci zarafinsu da sunan ramuwa? Mace Bafulatana da mace Bahaushiya duk an bar su a bayan danga, maza sun yafe wa juna abin da ba a jikinsu aka yi ba.

Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325 tun shekarar 2000, wanda ya nemi a sa mata cikin duk zaman sasanta rikici, kuma Nijeriya ta fitar da nata tsarin aiwatar da shi a 2013. Ƙuduri mai lamba 1820 na 2008 ya ƙara da cewa kada afuwar da ake yi bayan rikici ta haɗa da laifin fyaɗe. Ƙasarmu ta amince da waɗannan a takarda. A gindin bishiyar da ake zaman sulhu kuwa, ko labarinsu ba a ji.

Kuma kada mu manta da abin da ya faru a maƙwabtanmu. Bayan kisan gomman mutane a Kadisau ta Faskari a Yunin 2020, rundunar 'yan sandan Katsina ta sa ladan naira miliyan 5 a kan Ado Aleru. A Yulin 2022 masarautar 'Yandoton Daji a Zamfara ta naɗa shi Sarkin Fulani da rana tsaka, har gwamnatin jihar ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin. A 2025 kuma aka gan shi zaune a taron sulhu a cikin jihar nan tamu. Ku sa kanku a matsayin bazawarar Kadisau da ke kallon wannan a wayar ɗanta. Wa ya tambaye ta?

To, kada mu jingina komai ga daji. Tun kafin bindiga ta shigo, akwai cin zarafin da ke faruwa a cikin gida da lungu da shago, kuma shi ne ya fi yawa. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na matan Nijeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka ko makamancinsa tun daga shekara 15, kashi 9 sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata, kuma kashi 55 na waɗanda abin ya shafa ba su taɓa neman taimako ba. A ƙauyukanmu, wadda ta daure ta nemi taimakon ba ofishin 'yan sanda take fara zuwa ba. Zauren mai unguwa ne zangon farko, kuma sau da yawa shi ne na ƙarshe.

Kowa a cikinmu ya san yadda zaman yake. Uban yarinya ya zo ya durƙusa, ya ce, "Ranka ya daɗe, an ɓata mani yarinya, kuma ta faɗi wanda ya yi." A aika a kira uban yaron, wanda wataƙila shi ke ba rabin unguwa bashin taki. A kira liman. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, abin da ya faru ya riga ya faru. Yarinyar nan taka ce, tawa ce. Idan maganar nan ta fita, wa zai aure ta? A bar kaza cikin gashinta. Alhaji zai ɗauki kuɗin magani." Uwar yarinyar tana cikin gida, ba a kira ta ba. Yarinyar ma ba a kira ta ba. A shafa fatiha. Wata shida a ji yaron ya sake da 'yar wani gidan.

Wannan shi ake kira rufin asiri. Mu tambayi kanmu asirin wa aka rufa. Na yarinyar dai ya riga ya tonu, duk matan da ke zuwa rijiya sun sani. Wanda aka rufa shi ne na mai laifi da na gidansu.

Doka kuwa ba a rasa ta ba. A 2019 gwamnatin jihar ta gyara dokar laifuka, ta sa ɗaurin rai da rai ga wanda aka samu da fyaɗe. A Yunin 2020 gwamnonin Nijeriya baki ɗaya suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe da cin zarafin mata. A ƙarshen wannan shekarar Katsina ta samu dokar kare yara. A ƙarshen 2023 Gwamna Radda ya sa hannu kan dokar hana cin zarafin jama'a, wadda tarayya ta yi tun 2015. Dokoki ne masu kyau, kuma waɗanda suka yi wahalar ganin an yi su sun cancanci yabo. Sai dai dokar da ke Katsina, kusan kilomita 200 daga Funtuwa, ba ta da ƙafar da za ta tako zuwa ƙauye. Sai an kai mata ƙara. Idan zauren farko ya haɗiye ƙarar, alƙali zai yi ta jiran shari'ar da ba za ta zo ba.

A nan adalci ya wajaba a kanmu, domin ba mu zo cin mutuncin rawani ba. Sarautar da muke magana a kanta an daɗe da zare mata haƙora. A ƙarshen shekarun 1960 aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya rage. Kundin tsarin mulki na 1999 bai ba sarki ko hakimi wani aiki ba. Mai unguwa manomi ne kamar kowa, abin da ke shigo masa daga gwamnati bai taka kara ya karya ba, kuma gobe da mai laifin da danginsa za su haɗu a sahu ɗaya. Idan ya kai rahoto aka saki mutumin bayan kwana biyu, shi za a bari da gaba. Su kansu masu rawanin ba su tsira ba. A Yunin 2020 aka shiga har gida aka kashe Hakimin 'Yantumaki, Alhaji Abubakar Atiku Maidabino. Mun kuma san masu unguwannin da suka ƙi karɓar sulhu a kan fyaɗe, suka raka iyaye har gaban hukuma, suka sha zagi a kan haka. Allah Ya saka masu.

Wannan ne ma ya sa muke ganin babban laifin na gwamnati ne. Ta san hakimi ba shi da ɗan sanda, ba shi da asibiti, ba shi da kasafi. Duk da haka ta kira shi taro, ta ɗora masa kalmar wayar da kai, ta ɗauki hoto da shi, ta tafi. Idan abu ya lalace a ce ai an tuntuɓi iyayen ƙasa. Rawani ya zama garkuwar da ake fakewa a bayanta. Su kuma iyayen namu, laifinsu shi ne yarda da a yi amfani da su haka, da kuma riƙe wani iko guda da ba wanda ya ba su, wato ikon kashe maganar fyaɗe a zaure.

Mun san amsar da za a ba mu. Za a ce al'adarmu ba ta yarda mace ta zauna a fada ba, addini ya fi son sulhu, kuma wannan duk kiɗan Turawa ne. Mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Al'adar wa? Tarihin Daura da sarakuna mata ya fara. Masarautun Hausa sun san sarautar Magajiya da ta Iya. A Gobir akwai Inna, a Maraɗi akwai Iya, mata masu faɗa a ji waɗanda ƙarar mata ke bi ta hannunsu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jajis tana ɗora masu malfa, su shiga ƙauyuka su karantar da mata su dawo mata da matsalolinsu. Ashe tsarin da mace ke ɗauko kukan mace ta kai inda za a ji ya girmi kakanninmu. Fadar da ba mace ita ce baƙuwa.

Addini kuwa, sulhu alheri ne a kan gona da bashi da saɓanin ma'aurata. Amma duk ɗalibin da ya zauna gaban malami ya san ƙissar matar Banu Makhzum da ta yi sata, da yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi fushi da Usama ɗan Zaidu don ya zo neman a sassauta saboda darajar gidansu. A mazhabar Malikiyya da muke bi, wadda aka tilasta ba ta da laifi, wanda ya tilasta ta yana da hukunci kuma zai biya ta sadakin irinta. Matar da miji ke cutarwa tana da damar zuwa gaban alƙali a raba auren saboda cutarwar. Kuma a Hudaibiyya, zaman sulhu mafi shahara a tarihin Musulunci, lokacin da al'amari ya yi wa sahabbai nauyi, shawarar Ummu Salama ce ta warware shi. Wanda ya ce addini ne ya hana a ji ta bakin mace a zaman sulhu, ya kawo mana hujjarsa.

Mu mutanen Karaduwa ma muna da darasi a gida. A Maris na 2002 kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa Amina Lawal hukuncin jefewa saboda ta haihu bayan mutuwar aurenta. Namijin da ta ambata ya musanta, aka sallame shi. A Agustan wannan shekarar babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin. Sai ranar 25 ga Satumban 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina ta rushe shi, kuma hujjojin da suka kuɓutar da ita daga cikin fiƙihun Malikiyya aka ciro su, har da mas'alar kwantaccen ciki. Shari'arta ba ta fyaɗe ba ce, amma ta nuna abu biyu. Idan magana ta haɗa namiji da mace, nauyin kan mace yake faɗawa, domin ita jikinta ke ba da shaida. Sannan ƙungiyoyin mata da lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim ne suka tsaya mata har gaskiyar da ke cikin littattafanmu ta fito. Ba don an samu masu tsayawa ba, da labarin ya sha bamban.

Zancen Turawa kuma, bari mu ɗauko misali daga can ɗin, mu ga ko akwai abin koyi. A Amurka akwai ƙabilun asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, kuma matansu na cikin waɗanda aka fi cin zarafi. Wani binciken ma'aikatar shari'ar ƙasar na 2016 ya nuna fiye da huɗu cikin biyar sun taɓa fuskantar cin zarafi. Tun 2005 doka ta wajabta wa gwamnatin tarayya ta zauna da shugabannin ƙabilun nan kowace shekara a kan wannan magana kaɗai. A 2013 aka ƙara cewa sai an sanar da su rana da wuri kwana 120 kafin zaman, kuma sai ministan shari'a ya kai wa majalisa rahoton shawarwarin da aka bayar da abin da aka yi a kansu. A wannan shekarar ce aka mayar wa kotunan ƙabilun ikon hukunta baƙon da ya doki matarsa 'yar ƙabila a ƙasarsu, ikon da kotun ƙoli ta ƙwace tun 1978. Matsalarsu ba ta ƙare ba har yau. Amma tuntuɓarsu tana da rana, tana da rubutu, tana da wanda za a kama idan ba a cika ba. Tamu tana da hoto.

A nahiyarmu ma, a gundumar Dedza ta ƙasar Malawi, basarakiya Theresa Kachindamoto ta raba ɗaruruwan auren ƙananan yara ta mayar da su makaranta, ta kuma dakatar da dagatan da suka ƙi bin umarni. Da ikon rawani ta yi, ba da bindiga ba.

Saboda haka ga abin da muke nema, kuma ba mu nemi abin da ya fi ƙarfin jiha ba.

Na farko, Majalisar Dokokin Katsina ta mayar da wannan tuntuɓa doka. Sau ɗaya a shekara, a kowace shiyya, a rana sananniya. Ta Karaduwa a yi ta a Funtuwa ko Malumfashi, kada a ce sai an je Katsina. A rubuta abin da aka faɗa da Hausa, a karanta a rediyo, baɗi a fara da karanta na bara a ji me aka cika.

Na biyu, kowane hakimi ya zo da mata daga ƙasarsa, kuma su yi magana da bakinsu. Ba matan manya kawai ba. Ungozoma, malamar Islamiyya, shugabar masu adashi, ma'aikaciyar asibitin ƙauye, uwar 'yan ƙwadago da ke tara 'yan mata zuwa gona, da mace daga ruga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin babban zama a yi na mata zalla, domin akwai maganar da mace ba za ta faɗa a gaban surukinta ba.

Na uku, Majalisar Masarautar Katsina ƙarƙashin Mai Martaba Sarki Abdulmumini Kabir Usman ta fitar da umarni a rubuce cewa ba mai unguwa ko magajin da zai yi sulhu a kan fyaɗe. Aikinsa ya tura asibiti a ranar, ya kai rahoto. Wanda ya ɓoye ya sauka. Wanda ya kai rahoto kuma gwamnati ta tsaya masa, kada a bar shi da gaba. Wannan ba baƙon abu ba ne ga sarautarmu. Kujerar Galadiman Katsina a Malumfashi ta ga marigayi Mai Shari'a Mamman Nasir, tsohon shugaban kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasa, bayansa kuma Mai Shari'a Saddik Abdullahi Mahuta, tsohon babban jojin jiha. Gidan da ya san doka haka ya fi kowa cancantar fara wannan.

Na huɗu, duk sulhun da za a yi da 'yan bindiga a ambaci mata a cikin sharuɗɗansa, na gari da na ruga, kuma a bayyana cewa babu wanda ke da ikon yafe fyaɗe a madadin wadda aka yi wa. Duk wadda aka sako a kai ta asibiti kafin a kai ta gaban kyamara.

Na biyar, manyan asibitocin shiyyar nan su samu ɗaki na musamman da ma'aikaciya mace da magani kyauta, kuma takardar likita da ake buƙata a kotu kada a karɓi ko sisi a kanta.

Saura mu, masu alƙalami, domin idan ɓera da sata daddawa ma da wari. Littattafai nawa ke yawo a WhatsApp da Wattpad inda attajirin saurayi ke yi wa 'yar aiki fyaɗe a babi na uku, a babi na talatin ta mutu a kan son shi, masu karatu na turo alamar zuciya? Sau nawa muka warware labari da aurar da yarinya ga wanda ya ɓata mata rayuwa, muka kira shi kyakkyawan ƙarshe? Wannan shi ne hukuncin zauren mai unguwa, mun dai sa masa turare da mota. Yarinyar da ta karanta irin wannan goma, ranar da abin ya same ta za ta ɗauka haka duniya take.

Muna da magabata da suka nuna hanya. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne a lokacin da faɗin irin wannan magana ke jawo zagi. A nan Funtuwa, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, mai Allura Cikin Ruwa, ta sa 'yan mata da yawa sha'awar karatu da tsayawa da ƙafarsu. Gasar Hikayata ta BBC Hausa tun 2016 take nuna cewa matanmu na da labaran da ba a taɓa ji ba. Abin da ya rage mana shi ne mu je inda labarin yake. Mu zauna da gwaggo da inna da ungozomar unguwa, mu saurara, mu nemi izini, mu sauya suna da gari don kada mu tona wadda muke son karewa. Mu rubuta zauren nan yadda yake, da tsoron mai unguwa da kwaɗayinsa da kirkinsa, domin shi ma mutum ne. Mu rubuta uwar da ke bayan ƙyaure tana jin ana yanke wa 'yarta farashi. Wanda ke iya rubuta wasiƙa ya rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarsa. Wanda aka gayyata taron bana a matsayin marubuci ko ɗan jarida, idan an zo tambayoyi ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, "Allah Ya ja zamanin iyayenmu, sanarwar bara da aka karanta a nan, wanne aka cika a ciki?"

Kaka ta kusa, motocin ƙwadago za su fara lodi da asuba daga Funtuwa da Bakori da Malumfashi, kuma 'yan matan da za su hau ƙannenmu ne da 'ya'yanmu. Allah Ya tsare su, Ya ba shugabanninmu ikon jin gaskiya, mu kuma Ya ba mu ikon rubuta ta. Sai mun ji ra'ayoyinku, musamman 'yan'uwanmu mata, domin ku ya kamata a fara ji.